Sifili Ko Uku? Lambar Da Ke Faɗin Gaskiyar Rumbun Bayananka Idan Wuta Ta Dawo

A ƙasashen da aka ƙirƙiro manhajojin rumbun bayanai irin su MySQL da PostgreSQL, uwar garke tana iya yin wata da watanni, wani lokaci har shekara, ba a kashe ta ba. A Tudun Murtala da maƙwabtanta irin su Gama da Dakata da Kawaji, ba haka abin yake ba. Kwamfutar da ke riƙe da lissafin kemis, ko sakamakon jarabawar ɗalibai a makarantar kuɗi, ko katin marasa lafiya a ƙaramin asibiti, tana iya mutuwa ta tashi sau uku ko huɗu a yini guda: a ɗauke wuta, batirin inbata ya yi sanyi, a tayar da janareto, wuta ta dawo a sake juya layi. A watan Oktoban 2024 ma, lokacin da manyan layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka samu matsala, Kano ta shafe fiye da mako guda a duhu, kuma duk uwar garken da ta yi aiki a kwanakin nan, da janareto ko sola ta yi shi, ana kunnawa ana kashewa gwargwadon man da ake da shi.

Duk sanda kwamfutar ta tashi, akwai wani ɗan gajeren rubutun umarni da ke da alhakin tayar da rumbun bayanai, sannan ya sanar da babbar manhaja yadda aka ƙare. Ba da kalmomi yake wannan sanarwa ba, da lamba guda ɗaya tak yake yi. Idan lambar gaskiya ce, sauran manhajoji za su san abin yi. Idan kuwa ƙarya ce, to duk abin da aka ɗora a kanta, daga manhajar karɓar kuɗi har zuwa kwafin ajiya na dare, an ɗora shi ne a kan ƙarya. Wannan lamba ita ake kira lambar fita, kuma akwai ƙa'idar da aka rubuta mata sama da shekara 20 da suka wuce, wadda magina manhaja da yawa a wajenmu ba su taɓa leƙawa ba.

Mece ce lambar fita?

A tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs ta Amurka a 1969, kuma Linux ta gaji ɗabi'unsa, duk manhajar da ta gama aiki sai ta bar wa wadda ta kira ta wata lamba tsakanin 0 da 255. Sifili na nufin an yi nasara. Duk wata lamba da ba sifili ba tana nufin akwai abin dubawa. Hikimar a fili take: hanyar cin nasara ɗaya ce, hanyoyin faɗuwa kuwa suna da yawa, shi ya sa aka bai wa nasara lamba ɗaya aka bar wa matsaloli sauran.

Mai karatu na iya ganin wannan da idonsa. A baƙin allon ba da umarni na Linux, bayan kowane umarni, idan aka rubuta `echo $?` kwamfuta za ta nuna lambar da umarnin ya bari. Wasu lambobin sun daɗe da samun ma'ana: 127 na nufin ba a samu umarnin ba kwata-kwata, 126 na nufin an same shi amma ba a iya gudanar da shi ba. Idan kuma kashe manhajar aka yi da sigina, ana haɗa lambar siginar da 128. Shi ya sa 137 ta zama sananniya ga masu amfani da Docker: 128 ne aka haɗa da 9, wato an kashe manhajar da ƙarfi, galibi saboda ta cinye ma'adanar wucin gadi ta kwamfutar. Tunda kuma lambar ba ta wuce 255, wanda ya rubuta `exit 256` da nufin nuna babbar matsala, kwamfuta sifili za ta gani, wato nasara.

Abin lura shi ne, saƙon da ke bayyana a allo na ɗan Adam ne, lambar kuwa ta na'ura ce. Rubutu zai iya nuna kalmar da ke cewa ya gaza da jan launi, amma ya fita da sifili. Mutum zai ga matsala, na'ura ba za ta gani ba. Ƙarfe biyun dare kuwa, ba mutum a wurin, sai na'ura.

Ƙa'idar da aka amince da ita

Tsarin tayar da manhajoji ta hanyar rubutun da ke cikin jakar `/etc/init.d` ya samo asali ne daga System V na kamfanin AT&T, wanda ya fito a 1983. Da Linux ta yaɗu, kowane gida ya riƙa rubuta nasa yadda ya ga dama: Red Hat da salonta, Debian da nata, SUSE da nata. Don a samu daidaito, aka fitar da ƙa'idar Linux Standard Base, wadda ake taƙaitawa da LSB, a 2001. Daga baya hukumar ISO ta amince da ita a 2006, kuma bugunta na 5.0 ya fito a 2015. Duk da cewa gidajen Linux irin su Debian sun daina bin yawancin sassanta, sashen da ya shafi lambobin rubutun tayarwa ya rayu, domin manhajoji da yawa sun riga sun ginu a kansa.

Ƙa'idar ta wajabta wa kowane rubutu fahimtar umarni biyar: `start`, `stop`, `restart`, `force-reload` da `status`. Sannan ta raba lambobin gida biyu. Idan tambaya aka yi game da halin da manhaja ke ciki, wato `status`, ga amsoshin:

0: tana aiki.
1: ta mutu, amma fayil ɗin da ke ɗauke da lambar aikinta yana nan.
2: ta mutu, amma fayil ɗin kullenta yana nan.
3: ba ta aiki.
4: ba a san halin da take ciki ba.

Idan kuma umarnin aikatawa ne, kamar tayarwa ko tsayarwa, ma'anar ta canza:

1: matsala ta gama-gari.
2: an ba da umarnin da bai dace ba.
3: rubutun ba ya iya wannan aiki.
4: mai ba da umarnin ba shi da izini.
5: ba a girka manhajar ba.
6: ba a daidaita manhajar ba.
7: manhajar ba ta aiki.

An ware 100 zuwa 149 don gidajen Linux, 150 zuwa 199 kuma don masu manhaja su ba su ma'anar da suke so.

Bambancin 1 da 3 a amsar `status` shi ya fi shafar mutumin Kano. Uku na nufin an tsayar da rumbun cikin tsari, ya rufe fayilolinsa ya share sawunsa. Ɗaya kuwa na nufin faɗuwa ya yi, irin faɗuwar da ɗauke wuta ke haddasawa. Wanda ya ga 3 zai iya tayarwa hankali kwance. Wanda ya ga 1 ya san akwai ciniki ko rajistar da watakila ba ta kammala shiga ba, ya kamata ya leƙa kundin rahoton rumbun.

Akwai kuma wata doka da ke ba sababbin magina mamaki. Idan aka ce a tayar da manhajar da ta riga ta tashi, nasara ce, sifili. Idan aka ce a tsayar da wadda ta riga ta tsaya, nan ma sifili. Dalili kuwa shi ne, ba ana tambayar rubutun ko ya sha wahala ba ne, ana tambayarsa ko abin da ake so ya tabbata. Maigidan da ya ce wa yaronsa ya rufe ƙofa, yaron ya tarar a rufe take, ai ba a ce aike ya ɓaci ba.

Hanyoyi huɗu da rubutu ke yin ƙarya

Ta farko ita ce mafi yawa. Rubutun umarni yana fita ne da lambar umarnin ƙarshe da ya gudanar. Idan mai rubutu ya sa umarnin tayar da rumbu, sannan ya bi shi da layin da ke buga "an gama" a allo, to lambar bugawar ce za ta fita, kuma bugawa a allo kusan kullum nasara take yi. Wasu ma da hannunsu suke rufe rubutun da `exit 0` don su huta da ƙorafin babbar manhaja.

Ta biyu ita ce gaggawa. Ka aiki yaro ya tayar da janareto, ya ja igiya sau ɗaya ya rugo ya ce an tayar, bai tsaya ya ji ko injin ya kama ba. Haka rubutun da ke tura rumbu ya yi aiki a bayan fage da alamar `&` yake yi: nan take yake samun sifili, domin turawar ta yiwu. Amma rumbun da wuta ta yanke wa aiki ba ya buɗe ƙofa nan da nan. PostgreSQL sai ta sake bin kundinta na WAL, inda take rubuta kowane canji kafin ta aiwatar da shi. Injin InnoDB na MySQL da MariaDB shi ma sai ya bi nasa kundin, ya kammala abin da aka tabbatar, ya warware wanda ba a tabbatar ba. A tsohuwar kwamfuta mai faifai mai juyawa, wannan na iya ɗaukar daƙiƙoƙi ko mintuna. A wannan tsakani, manhajar kanti ta riga ta ji an ce komai lafiya, ta ƙwanƙwasa, ba a buɗe ba, ta faɗi.

Ta uku ita ce yarda da tsohon fayil. Rumbu idan ya tashi yana rubuta lambar aikinsa a wani fayil, kamar `postmaster.pid` na PostgreSQL, idan zai tsaya kuma ya goge shi. In wuta ta ɗauke, ba ya samun damar gogewa. A Linux ta zamani jakar `/run` tana sharewa da kanta duk sanda aka sake kunna kwamfuta, amma fayil ɗin da ke cikin jakar bayanan rumbun yana nan daram. Rubutun da ke cewa "tunda fayil yana nan, rumbu yana aiki" zai riƙa yi wa rogo kallon kitse. Ko da ya duba ko akwai aiki mai wannan lamba, da sauran rina a kaba, domin bayan sake kunnawa wata manhaja daban tana iya samun wannan lambar.

Ta huɗu ita ce neman suna a jerin ayyuka. Wanda ya haɗa `ps` da `grep` don ya nemo kalmar mysql, sau da yawa abin da yake kamawa shi ne umarnin neman kansa, tunda shi ma yana ɗauke da kalmar. Ko kuma ya kama `mysqld_safe`, wato mai gadin rumbun, alhali rumbun kansa ya faɗi.

Su wa ke sauraron lambar?

A ɗauki misalin ɗan kasuwar da ke sayar da kayan masarufi a sari, yana da ƙaramar uwar garke a bayan kanti, kuma an saita mata yin kwafin ajiya kowane dare. Umarnin da aka fi amfani da shi shi ne a tura abin da `pg_dump` ya fitar ta bututu zuwa `gzip` don a matse shi. A ƙa'idar bututu, lambar umarnin ƙarshe ce ke fita. Idan rumbu bai tashi ba, `pg_dump` zai gaza, amma `gzip` zai matse babu ya fitar da fayil mai bait 20 kacal, ya fita da sifili. Idan sunan fayil ɗin bai canzawa, ya danne kwafin jiya mai kyau ke nan. Ba za a gane ba sai ranar da faifai ya lalace aka zo neman lissafin basussukan da ake bin mutane. Maganin wannan layi ɗaya ne a Bash, `set -o pipefail`, wanda ke sa gazawar kowane ɓangare ta bayyana, sai kuma a duba lambar kafin a taɓa tsohon kwafi.

Wasu kuma tsayar da rumbun suke yi su kwafe jakarsa ɗungurungum. Idan `stop` ya dawo da sifili kafin rumbun ya gama rufewa, za a kwafi fayilolin da ake tsakar rubutu a cikinsu, a samu kwafin da ba lallai ya buɗe ba. Haka nan manhajojin da ke kula da UPS, irin su apcupsd da NUT, suna kashe kwamfuta cikin tsari ne idan batiri ya kusa ƙarewa, kuma a cikin 'yan mintunan nan babbar manhaja tana dogara da amsar rubutun don ta san rumbu ya tsaya.

Manhajojin sarrafa kwamfutoci da yawa lokaci guda su ma lambar suke sauraro. Puppet tana kiran `status` don ta yanke hukuncin tayarwa ko barin manhaja. Ansible ma sai da ta tanadi wata hanya ta daban, ta neman suna a jerin ayyuka, musamman saboda rubutun da ba sa amsa `status` yadda ya kamata.

Inda abin ya fi tsanani shi ne wurin da aka haɗa uwar garke biyu don ɗaya ta karɓi aiki idan ɗaya ta faɗi, irin tsarin da bankuna da manyan asibitoci ke so. Manhajar Pacemaker, wadda ke jagorantar irin wannan haɗi a Linux, tana tambayar kowace kwamfuta halin rumbunta. Idan rubutu yana amsa sifili ko da rumbu a tsaye yake, za ta ɗauka yana aiki a wurare biyu lokaci guda, ta shiga tsayarwa da sake tayarwa. Idan kuma aka ce `stop` ga rumbun da ya riga ya tsaya, rubutun ya amsa da 1, Pacemaker za ta fahimci cewa tsayarwa ta gagara. Tunda babu abin da ya fi hatsari irin kwamfuta biyu su riƙa rubutu a faifai ɗaya, hukuncinta shi ne ta yanke wa waccan kwamfutar wuta baki ɗaya. Kwamfuta lafiyayya ta mutu saboda lamba ɗaya. Shi ya sa littafin jagorar Pacemaker ya tanadi gwaji na musamman don tantance ko rubutu yana bin LSB.

Manyan ma sai a hankali suka gyara

Kada mai karatu ya ɗauka wannan matsalar 'yan koyo ce kawai. Manhajar `pg_ctl`, wadda PostgreSQL ke bayarwa don tayarwa da tsayarwa, sai a bugu na 9.2 da ya fito a 2012 ta fara amsa 3 idan rumbu ba ya aiki. A bugu na 9.4 na Disamban 2014 aka ƙara mata amsa 4 idan ba ta iya isa jakar bayanai ba, kuma bayanin bugun ya ambaci LSB a matsayin dalili. Batun gaggawa kuwa sai a PostgreSQL 10, a Oktoban 2017, aka mayar da jira ya zama ɗabi'ar `pg_ctl start`. Kafin nan sai mutum ya ƙara `-w` da kansa, in ba haka ba ta dawo kafin rumbu ya buɗe.

Har yau kuma, idan aka ce wa `pg_ctl` ta tsayar da rumbun da ba ya aiki, da 1 take fita. Wannan ba laifi ba ne a wurinta, domin ita kayan aiki ce, ba rubutun tayarwa ba. Nauyin fassarawa yana kan wanda ya naɗe ta a cikin rubutunsa. Mutanen Debian sun warware wannan da `pg_ctlcluster`, wadda ke amsa 2 idan rumbu ya riga ya kasance a halin da ake nema, sai rubutunsu ya ɗauki 2 ɗin a matsayin nasara. Manhajarsu ta `start-stop-daemon` ita ma tana da zaɓin `--oknodo` don wannan manufa, da `--status` mai amsawa da lambobin LSB.

A ɓangaren MySQL akwai tarkon da ya kamata a sani. Umarnin `mysqladmin ping` yana fita da sifili ko da an hana shi shiga saboda kalmar sirri ba daidai ba ce, kuma littafin MySQL ya faɗi haka ƙarara. Hujjarsu ita ce, tunda rumbun ya iya cewa a'a, to yana raye. Wannan ya isa a san rumbu ya tashi, amma bai isa a san manhajar kanti za ta iya shiga ba.

Waɗannan rumbuna biyu ba baƙi ba ne a Najeriya. DHIS2, wadda ake tattara alƙaluman lafiya na ƙasa da ita, a kan PostgreSQL take. OpenMRS da asibitoci ke amfani da ita a kan MySQL take. Odoo na amfani da PostgreSQL, ERPNext na amfani da MariaDB, WordPress kuma MySQL ko MariaDB. Duk wanda ya girka ɗaya daga cikinsu a ofis, wannan magana ta shafe shi.

Lamba ɗaya, yare daban-daban

Wani abin da ke rikita mutane shi ne ba LSB kaɗai ke da ƙa'ida ba. A wurin Nagios da manhajojin sa ido da suka gaje ta, 0 lafiya, 1 gargaɗi, 2 matsala mai tsanani, 3 kuma ba a sani ba. Wanda ya haɗa amsar `status` kai tsaye da Nagios, duk sanda rumbu ya tsaya zai ga "ba a sani ba" maimakon ƙararrawar gaggawa. A ƙa'idar OCF da Pacemaker ta fi so, 7 ce ke nufin ba ya aiki, ba 3 ba. Manhajar `pg_isready`, da ta zo a PostgreSQL 9.3, tana amsa 0 idan ana karɓar baƙi, 1 idan ana ƙin karɓa kamar lokacin farfaɗowa, 2 idan shiru, 3 idan ba a ma yi yunƙuri ba. Gwajin lafiya na Docker kuwa 0 da 1 kawai ya sani. Saboda haka kafin a miƙa lamba daga wannan manhaja zuwa waccan, sai an tambayi wane yare mai karɓar yake ji.

Ai yanzu systemd ake yayi

Gaskiya ne. Tun da Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da systemd a 2010, manyan gidaje sun koma kanta: Red Hat Enterprise Linux 7 a 2014, Debian 8 da Ubuntu 15.04 a 2015. A 2023 ma masu ita sun sanar cewa za su daina tallafa wa tsofaffin rubutun System V nan gaba. Wanda ya girka rumbu daga ma'ajiyar Ubuntu ko Debian a yau, an riga an yi masa yawancin aikin. PostgreSQL tun bugu na 9.6 tana iya sanar da systemd da kanta cewa ta shirya, don haka babu zancen ja igiya a gudu.

Sai dai lambar ba ta mutu ba, gida ta canza. Umarnin `systemctl status` da lambobin LSB yake amsawa, 0 ga mai aiki, 3 ga wanda ba ya aiki, 4 ga wanda babu shi. Saitin `Restart=on-failure` kuwa, wanda ke sake tayar da manhajar da ta faɗi, yana duba lambar fita ne da siginar da ta kashe ta. Idan aka naɗe rumbu a cikin rubutun da ke haɗiye gazawa ya fitar da sifili, systemd za ta ɗauka tsayawa ce ta ganin dama, ba za ta sake tayarwa ba. Ita ma tana da nata lambobin daga 200 zuwa sama: 203 na nufin ta kasa gudanar da fayil ɗin da aka nuna mata, 217 kuma matsala ce game da sunan mai amfani da aka ce ta yi aiki da shi.

Ban da haka, tsofaffin rubutu suna nan birjik: a kwamfutocin da aka girka shekaru da suka wuce ba a taɓa ba, a Alpine Linux mai amfani da OpenRC, a cikin akwatunan Docker, da kuma rubutun da magina ke haɗawa da hannu su jefa a `cron` ko `rc.local`.

Gwajin minti biyar

Ba sai an karanta rubutu layi-layi ba kafin a san ko yana faɗin gaskiya. A lokacin da ba ciniki, bayan an yi kwafin ajiya, a tsayar da rumbun sannan a bi waɗannan matakai, ana rubuta `echo $?` bayan kowanne:

1. `start`: a ga 0, kuma nan take a iya shiga rumbun.
2. `status`: a ga 0.
3. `start` karo na biyu: a ga 0, kuma kada rumbu na biyu ya tashi.
4. `stop`: a ga 0, kuma rumbun ya ɓace daga jerin ayyuka.
5. `status`: a ga 3.
6. `stop` karo na biyu: a ga 0.
7. A ba shi umarnin da bai sani ba: kada a ga 0.

Mataki na takwas na mutanen da ke zaune da matsalar wuta ne, kuma a kwamfutar gwaji kawai ake yin sa, ba a ta aiki ba: a tayar da rumbu, a zare wuta, a mayar, a ga ko zai tashi da kansa, a kuma ga abin da `status` ke cewa kafin ya gama farfaɗowa.

Ga wanda zai gyara nasa, zuciyar sashen `status` ba ta wuce haka ba:

```
status)
    if [ -f "$PIDFILE" ]; then
        kill -0 "$(head -1 "$PIDFILE")" 2>/dev/null && exit 0
        exit 1
    fi
    exit 3
    ;;
```

Umarnin `kill -0` ba ya kashe komai, tambaya kawai yake yi ko aikin yana nan. Amma da sharaɗi biyu. Idan mai tambayar ba shi da izini a kan aikin, umarnin zai gaza ko da rumbu yana raye, a nan 4 ya dace a mayar. Sannan ya kamata a tabbatar aikin da ke riƙe da lambar na rumbun ne, ta hanyar duba sunansa a jakar `/proc`. Inda rumbu ya zo da kayan aikinsa, kamar `pg_ctl status`, gara a yi amfani da su a kan a ƙirƙiro sabo. Sashen `start` kuma ya riƙa jira yana gwada shiga har zuwa wani wa'adi, in wa'adin ya cika bai shiga ba ya fita da 1. Kada kuma a sa rubutu ya riƙa goge `postmaster.pid` ido rufe don a samu tashi da sauri: PostgreSQL tana duba fayil ɗin da kanta, kuma shi ne katangar da ke hana rumbu biyu hawa jaka ɗaya.

Mai kanti ko shugaban makarantar da ya biya kuɗi aka girka masa manhaja ba sai ya iya rubuta ko layi ɗaya ba. Ya isa ya nemi wanda ya yi aikin ya gudanar da matakan nan bakwai a gabansa kafin a biya cikon kuɗi, sannan ya buɗe masa kwafin ajiyar daren jiya ya ga girmansa. Magini kuma ya sa gwajin a cikin abin da yake miƙawa tare da aikinsa, domin ya fi sauƙi a ga 3 inda ake sa ran 3 da rana tsaka, a kan a kira shi da asuba ana cewa kwamfuta ta ce komai lafiya amma rasit ya ƙi fita.